Wa Zai Biya Kuɗin Magani? Waiwaye Kan Tsohuwar Muhawarar da Har Yau Ba Ta Ƙare Ba

 Muna yi wa Allah godiya da ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu muna raye. Waɗanda aka fara tafiyar da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya kai haske kabarinsu.

Kwamitin shirya biki ne ya ce a yi rubutu a kan tarihi, ya kuma zaɓi maganar asibiti da kuɗin magani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wadda ta taɓa zama kusa da ma'aji ranar karɓar zubi ta san ba abin da yake cinye jarin mace a Bacirawa kamar rashin lafiya. Mace ta shekara tana tara ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, dare ɗaya naƙuda ta zo da gardama, ko yaro ya ɗau zazzaɓi har ya fara fizge-fizge, gari na wayewa akuya ta tafi kasuwa, kayan ɗaki su bi bayanta. Ga kuma shawarar da za a kawo gaban babban taro: shin mu ci gaba da riƙe asusunmu na gaggawa kamar yadda muka saba, ko mu ɗebi wani abu daga ribar shekara mu yi wa mambobi rajista a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha? Kafin a ɗaga hannu, ya kamata mu san inda maganar ta samo asali. Waiwaye adon tafiya.

A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, don haka duk sunan da aka ambata a nan an ambace shi ne don tarihi, ba don yabo ko suka ba.

Zamanin En'e: magani kyauta, haraji dole

Kafin zuwan Turawa, mai ciwo wurin wanzami yake zuwa, ko mai ɗori, ko mai saiwa, ko malam. Mai ciki kuwa ungozoma ce tata. Biya yakan zo daidai ƙarfin mutum: kaza, kwanon gero, wani lokacin ma godiya kawai. Da Turawa suka ci Kano a 1903, asibitocin da suka fara buɗewa na sojojinsu ne da ma'aikatansu. Sai a shekarun 1920 aka gina asibitin birni, wanda yanzu muke kira asibitin Murtala, daga baya kuma aka riƙa kafa ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. 'Yan mishan su ma sun yi nasu, kamar asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943.

Kakanninmu sukan ce a wancan zamani malamin asibiti yana ba da magani ba tare da ya karɓi ko anini ba. Gaskiya ne. Amma da wane kuɗi aka sayo maganin? Da kuɗin baitulmalin En'e, wato harajin da ake karɓa a kan kowane baligi, da jangalin da ake karɓa a kan kowace saniya. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji da kaka, shi ne ya biya kuɗin maganin tun kafin ciwon ya zo. Matsalar ita ce harajin yana isa kowane ƙauye, ɗakin shan maganin kuwa ba ya isa. Mutanen karkara da yawa sun yi ta biya har suka koma ga Allah ba su taɓa ganin likita ba. Mata kuwa, musamman na kulle, su ne a can ƙarshen layi.

Wannan ƙorafi yana cikin abin da ya haifi siyasar talakawa. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa tambayarsu ke nan: talaka yana biya, me yake samu? Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan maganar 'yancin mata, a lokacin da macen Arewa ba ta da ko ƙuri'a. Sai a 1976 aka ba mu damar zaɓe. To kun ga, an daɗe ana yanke shawara a kan haihuwarmu da lafiyar 'ya'yanmu ba tare da an tambaye mu ba.

Shekarun man fetur da manyan alkawura

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan Agusta. A 1975 gwamnatin tarayya ta fito da shirin kai ƙananan asibitoci karkara. A watan Satumba 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kafin shekarar 2000 kowane ɗan Adam ya samu kulawar lafiya a kusa da gidansa: rigakafi, awon ciki, ruwa mai tsabta, da magungunan yau da kullum.

A zaɓen 1979 maganar ta hau dandalin siyasa sosai. Jam'iyyar UPN ta Cif Obafemi Awolowo ta sa magani kyauta da ilimi kyauta cikin manyan alkawuranta huɗu. Masu adawa da ita suka ce ina za a samo kuɗin? A nan Kano PRP ce ta ci, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali. Murnar da aka yi a ƙauyuka ba ta misaltuwa, don iyayenmu sun san azabar da aka sha wajen karɓar haraji.

Sai dai akwai wani abu da ya sauya a wannan zamanin, a duk faɗin ƙasar, wanda ba kowa ya lura da shi ba. Kuɗin asibiti ya koma dogaro kacokan a kan kason man fetur da ake aikowa daga Legas. Wato lafiyar yaron Bacirawa ta rataya a kan farashin gangar mai a kasuwar da babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Tsarin mulkin 1979 ya rubuta cewa gwamnati ta yi ƙoƙarin samar wa kowa kulawar lafiya, na 1999 ma ya maimaita a sashe na 17. Amma an ajiye maganar a babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Alkawari ne da ba shi da mai tilasta cikawa.

Ranar da magani ya ƙare

Daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu. Ranar 31 ga Disamba 1983, a jawabin juyin mulkin da Birgediya Sani Abacha ya karanta a rediyo, cikin dalilan da ya lissafa har da cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Kafin ƙarshen 1987 sai ka ba da wajen naira huɗu kafin ka samu dala ɗaya. Da yake yawancin magani daga waje ake sayo shi, nan take ya yi tashin gwauron zabo. Iyayenmu na tuna lokacin: a yanki kati, a ga likita, ya rubuta takarda ya ce a je kemis.

A nan ne muhawarar ta rabu gida biyu, kuma har yau a haka take. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba ƙasashe matalauta shawarar su riƙa karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya. Hujjarsu ita ce, kyautar da babu magani a cikinta yaudara ce. Mutane dama suna kashe kuɗi a kemis da wurin masu tallar magani, gara su biya kaɗan a asibiti su samu na ƙwarai. Ɗaya ɓangaren suka ce duk ranar da aka sa kuɗi a bakin ƙofa, wanda ya fi kowa buƙata shi ne zai juya ya koma gida.

A shekarar dai, ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fito da wata dabara ta tsaka-tsaki. A ba ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar da araha, ya sake saro wani da kuɗin, mutanen gari su sa ido a kan lissafi. Mu da muke juya jari mun fi kowa gane wannan. Inda aka samu kwamiti mai amana, magani bai yanke ba. Inda aka ci uwar kuɗi, ko aka yi ta ba da bashi ba a rubutawa, ko tsadar kaya ta cinye jarin, kanta ta koma fanko. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan ƙananan asibitoci da rigakafin yara, har aka samu ci gaba sosai wajen allura kusan 1990. Da ya tafi, abin ya ja baya. A tsakiyar shekarun 1990 asusun PTF ya cika asibitoci da magani. Da aka rushe asusun bayan 1999, wannan hanya ma ta toshe.

Abin lura shi ne, bayan shekara 26, a 2013, shugaban Bankin Duniya na lokacin, Jim Yong Kim, ya tsaya gaban taron lafiya na duniya ya ce karɓar kuɗi a hannun matalauta a bakin asibiti rashin adalci ne, kuma ba dole ba ne. Su sun sauya ra'ayi a kan takarda. Matan da suka haihu a gida a tsakanin waɗannan shekaru saboda babu kuɗin kati, Allah kaɗai ya san adadinsu.

In amana ta karye

Akwai wani darasi da Kano ta koya da hawaye. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. An yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Da aka zo 2003, jita-jita ta bazu a kan allurar shan inna, gwamnatin jiha ta dakatar da ita har zuwa tsakiyar 2004. Mutane suna tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, amma in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai mun saya? Tambayar tana da ma'ana, amma yaran da suka shanye a wannan tsakani su ne suka biya. Sai da sarakuna, malamai da mata masu shiga gida-gida suka yi aiki na shekaru kafin a ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agusta 2020. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarsa, ya sake tuna mana cewa har yanzu akwai yaran da rigakafi bai kai gare su ba. Ko an ce abu kyauta ne, in babu yarda, uwa ba za ta miƙa ɗanta ba.

Kyauta ta dawo, amma da saura

Da mulkin farar hula ya dawo, kalmar kyauta ta dawo bakin 'yan siyasa. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, a yawancin shekaru tsakanin kashi 4 zuwa 6 take tsayawa. A 2001 ɗin ne gwamnatin Kano, zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ta fara shirin haihuwa kyauta a asibitocinta, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ci gaba da shi. Mata sun ƙaru a layin awo, an ceci rayuka, wannan ba a musu. Amma kowace mace a nan ta san ɗaya gefen: ranar da kaya suka yanke sai a miƙo takarda, safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa, a nemo mai ba da jini. Ga kuɗin mota cikin dare, wanda babu shirin da ya ɗauke shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi irin wannan hanya. A 2005 da 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, aka ce tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Asibiti zai yi aiki, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya shi daga baya. Iyaye suka yi ta kai yara, mutuwar ƙananan yara ta ragu. Amma biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, har asibitoci a Maraɗi da Damagaram suka cika da bashi, kantocin magani suka bushe.

Gana kuwa, inda 'yan uwanmu Hausawa suke a zangon Kumasi da Akara, ta daɗe da tsarin biya kafin a taɓa ka. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, ta yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan masarufi musamman don asusun. Su ma suna fama da jinkirin biyan asibitoci, amma da yake an san takamaiman inda kuɗin yake fitowa, tsarin ya wuce shekara ashirin yana tafiya, gwamnatoci suna sauyawa.

Dokokin da muke da su yanzu

A Najeriya an yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005 zamanin Obasanjo. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fi amfana. Shekara goma sha biyar bayan haka waɗanda suke ciki ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba. Manomi da mai sana'ar cikin gida ba su da albashin da za a yanka, don haka aka bar su a waje.

A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kulawar lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wajen naira biliyan 55. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, kuɗi na shiga asusunsa kai tsaye, a kuma yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta. Kano tana da mazaɓu 484. A 2016, zamanin Dakta Abdullahi Umar Ganduje, jiha ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, a 2017 kuma ta kafa asusun amana na lafiya. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, tare da asusu na musamman don marasa galihu, aka ce ana nufin kai wa ga mutum miliyan 83.

Takardu ke nan. A ƙasa kuwa, har yanzu a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan, sama da naira 70 daga aljihun mai ciwo da danginsa take fitowa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a cikin matan da suke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya, sama da ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu 2023 da sake faɗuwar naira, magani ya ƙara tsada, likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa ƙasashen waje. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa, wanda ya shafi maganin zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka sauke ba a kira shi ba sai ya kwana da yunwa.

Inda muhawarar ta tsaya

In kun saurari rediyo za ku ji ra'ayi kala uku. Wasu sun ce gwamnati ta ɗauki komai daga kuɗin haraji da na mai, don lafiya haƙƙi ce. Akan tambaye su: in kason wata bai zo ba fa, kamar 1982? Wasu sun ce kowa ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, gwamnati ta zuba wa wanda ba shi da hali. Su kuma akan tambaye su: wa zai tantance marar hali, kuma wa ya tabbatar mai kati zai tarar da magani? Na uku sun ce gwamnati ta tsaya a rigakafi da haihuwa, sauran a bar wa asibitocin kuɗi. Tambayarsu ita ce mafi nauyi: mai ciwon ƙoda ko ciwon daji da ba shi da ko sisi, ina zai nufa?

Akwai kuma masu ɗari-ɗari da kalmar inshora ta fuskar addini, suna ganin akwai caca ko rashin tabbas a ciki. Malamai da dama sun bambanta inshorar kasuwanci da asusun da jama'a suke zubawa da niyyar taimakon juna, wanda ake kira takaful. Wadda take da shakka ta tambayi malaminta. Amma tara dukiya don jinyar kowa ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. A birnin Alƙahira, a 1284, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri, ya tsayar masa da wakafi, ana duba mai kuɗi da talaka, mace da namiji, ba a karɓar komai. Ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, saboda an ware masa dukiyar da take ciyar da shi.

Labarin Ingila ma daga ƙungiya irin tamu ya faro. A wani ƙaramin gari mai suna Tredegar, a yankin Wales, masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙarfe suka kafa ƙungiyar taimakon jinya a ƙarshen ƙarni na 19. Ana cire 'yan kwabbai daga ladan kowa, suka ɗauki likitoci, har kusan duk garin ya shiga. Wani ɗan garin, Aneurin Bevan, wanda ya fara aikin haƙar kwal yana yaro, shi ya zama ministan lafiya, ya kafa tsarin jinya kyauta na ƙasa baki ɗaya ranar 5 ga Yuli 1948, da kuɗin haraji, duk da adawar ƙungiyar likitoci. Shekara uku kacal bayan haka, a 1951, ya ajiye muƙaminsa saboda gwamnatinsu ta sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba. Har gobe Turawan suna jayayya a kan kuɗin tsarin da dogon layin jira. Kun ga ashe muhawarar ba ta ƙarewa ko a ƙasar masu kuɗi.

Abin da ya rage namu

Daga zamanin En'e zuwa yau, ba a taɓa yin maganin da ba a biya ba. Abin da yake sauyawa shi ne wanda ya biya da lokacin da ya biya. Mafi muni shi ne mutum ɗaya ya biya shi kaɗai, a daren da ciwo ya same shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirye-shiryen da suka yi ƙarko kuwa su ne waɗanda aka san inda kuɗinsu yake fitowa, ake rubuta shiga da fita, kuma masu amfana suke da bakin tambaya. Ai wannan shi ne adashi, shi ne littafin ma'ajinmu.

Game da shawarar da ke gabanmu, kowace hanya tana da nata. Asusunmu na gaggawa yana hannunmu, ba ma jiran sa hannun kowa, yana biyan kuɗin mota da abincin mai jinya. Amma ƙarami ne. Tiyata biyu a wata ɗaya za su iya kwashe shi tas. Asusun jiha babba ne, yana iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinmu, sai dai ba mu muke riƙe da littafinsa ba. Ra'ayina shi ne kada mu saki na hannu. Mu bar asusun gaggawa yadda yake, mu tura wakilai ofishin hukumar su dawo mana da amsa a rubuce: nawa ne kuɗin shekara, wane ciwo ya shiga wane bai shiga ba, wane asibiti za a haɗa mu da shi, kuma ina ake kai ƙara in an ce babu magani. Su tambayo har da yadda zawarawa, marayu da tsofaffinmu za su shiga rajistar marasa ƙarfi da doka ta tanada. In amsar ta gamsar, mu gwada da rukuni ɗaya na shekara guda, sakatariya ta rubuta duk abin da ya faru, sannan taro ya yanke.

Bayan haka, kowace mazaɓa tana da kwamitin da yake sa ido a kan asibitinta. Mu nemi kujera a ciki ta hannun mai unguwa da dagaci, don mu ne muke kwana a bencin asibitin. Lokacin zaɓe kuma, duk wanda ya zo da atamfa da sabulu ya ce zai yi magani kyauta, ko daga wace jam'iyya yake, mu karɓe shi da mutunci mu tambaye shi: Alhaji, daga wane asusu? Nawa aka rubuta bara, nawa aka saki? Jihar Kano ta sha rubuta kashi 15 ko fiye ga lafiya a takardar kasafi a shekarun nan, abin a yaba ne, amma rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Ƙuri'ar da iyayenmu mata ba su samu ba sai 1976, kada mu sayar da ita a kan abin da bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba.

Iyayen gida maza, ku ma da ku ake. Izinin zuwa awo da wuri, da ajiye kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai, ba sai an jira wata doka daga Abuja ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ƙara haɗa kanmu. Allah ya maimaita mana.